Tsakanin Gurnani da Sarƙaƙiya

Akwai wata kalmar Turanci mai haruffa biyar, "snarl", wadda duk mai fassara labarai zuwa Hausa sai ta tare masa hanya wata rana. Idan kare ya ɗage leɓe, ya yaƙe haƙora yana fitar da ƙara daga maƙogwaro, da ita Bature yake faɗa. Idan zare ya cukurkuɗe, da ita. Idan motoci suka cushe a gadar Wudil ranar Juma'a saboda kasuwa, har wanda ya taso daga Kano zuwa Gaya ya yi la'asar a hanya, ita ce jaridun Turanci suke sawa a kanun labari. Na daɗe ina mamakin abin da ya haɗa bakin kare da zare.

Ashe babu abin da ya haɗa su. Kalmomi biyu ne daban da tafiyar zamani ta sa suka yi kama. Ta zaren ita ce babba, tana cikin Turanci tun ƙarni na 14, kuma daga kalmarsu ta tarko ta samo asali. Ta karen ba ta bayyana ba sai ƙarshen ƙarni na 16, daga wata tsohuwar kalma mai kwaikwayon sauti wadda take da dangi a harshen mutanen Holan. Mu ma muna da irin wannan a rubuce: kukan yaro da kukar miya haruffansu ɗaya. Sai dai mu karin sauti yana raba mana su a baka, su kuwa ko a kunne babu bambanci.

Ɓangaren kare ba shi da wuya a Hausa. Gurnani ke nan, kuma gurnani daban yake da haushi. Haushi shela ce, kowa ya ji. Gurnani gargaɗi ne ga mutum ɗaya, wanda ya matso kusa. Idan aka ɗora shi a kan ɗan Adam sai a yi hattara, domin mai gunaguni da mai ƙunƙuni ƙorafi suke yi a ƙasa-ƙasa, galibi don ba su da ikon yin komai. Mai gurnani yana da iko, kuma so yake ka sani.

A ɓangaren zare ne Hausa ta baje kolinta. Akuyar da aka yi wa talala a bayan gari, ta zaga turke har igiya ta naɗe mata ƙafa, harɗewa ta yi. Abu biyu ne kawai, kuma ana ganin inda za a ɓullo. Yaɗon wake da ya hau karan dawa a gonakin Ajingi, ya shiga nan ya fita can, sarƙewa ya yi, dangin sarƙa, kowane gaɓa riƙe da na kusa da shi. Daga nan aka sami sarƙaƙiya, wadda tun asali sunan ƙayar nan ce mai yaɗo, da idan ka cire ta daga hannun riga sai ta kama ka a wando. Gashin yarinyar da ya kwana biyu ba kitso cukurkuɗewa yake yi, ba a gane farkonsa balle ƙarshensa. Ruwan kududdufi da shanu suka shiga kuwa dagulewa ya yi. Motocin gadar Wudil ba su yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba: cunkoso ne, abu ya fi ƙarfin wurin da aka zuba shi.

Ƙamus zai iya jera su a layi ɗaya a matsayin masu ma'ana guda, amma ni ban yarda tagwaye ba ne, domin kowace tana ɗauke da maganinta a ciki. Abin da ya harɗe kwance shi ake yi. Wanda ya sarƙe sai an bi shi a hankali an warware. Gashi tsefe shi ake yi. Ruwan da ya dagule kuwa duk wanda ya sa masa hannu ƙara ɓata shi ya yi, barinsa ake yi ya kwanta. Cunkoso sai an rage ko an faɗaɗa.

Abin da ke damuna shi ne, mu 'yan jarida mun tattara wannan dukiya mun musanya ta da kalma ɗaya: rikici. Rikicin gona, rikicin gado, rikicin jam'iyya, rikicin masarauta. Tana da sauƙin shiga kanun labari, ba ta cin wuri, kuma tana jan kunne. Amma ta zame mana irin waccan ta Turanci, ta haɗa haƙora da igiya a baki ɗaya. Nasu haɗuwar tsautsayin tarihi ne, namu kuwa gaggawar ɗakin labarai ce.

Ɗauki batun masarautar Gaya. An kafa ta da doka a 2019, aka rushe ta da wata dokar a watan Mayun 2024, sannan a cikin shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A cikin wannan lamari an yi gurnani, babu shakka. Amma mafi yawan abin da ya ɗaure wa mutane kai sarƙaƙiya ce ta doka a kan doka, da umarnin kotu a kan umarnin kotu. Mai sauraron rediyo a ƙauye da aka ce masa "rikici" kawai, ba shi da hanyar sanin ko ana faɗa ne a gari, ko takardu ne suka sarƙe a gaban alƙali. Na farko zai hana shi kai hatsinsa kasuwa, na biyu bai shafi tafiyarsa ba.

Haka yake a ƙananan al'amura. 'Yan'uwa huɗu da suka gaji gona ɗaya, aka yi jinginar wani yanki shekaru da suka wuce, wanda ya karɓi jinginar ya rasu, shaidu suka tsufa, waɗannan ba faɗa suke yi ba tukuna. Maganarsu ta sarƙe ne, kuma dagaci ko limami mai haƙuri zai iya zama da su ya nemo bakin zaren. Ranar da aka fara kiran abin rikici a majalisa, kowannensu sai ya fara neman wanda zai tsaya masa.