Tsagar da Alli Ya Nuna

Da aka raba mana takardun SIWES bayan mun gama ND I, abokaina suka bazama Kano da Dutse neman kamfani mai ofis da fanka. Ni ba ni da wanda zan sauka wurinsa, sai na ƙare a wani gareji a bakin hanyar Kano, nan cikin Haɗejiya, inda ake faci da gyaran wilin manyan motoci. Sati biyun farko in an tambaye ni inda nake, sai in ce, "Wani wokshop ne dai."

Wanda ya san garin nan ya san abin da motocinmu ke ɗauka: shanshera, riɗi, tattasai, busasshen kifi. Mota ta sha lodi, ta zo shataletale ko matsattsiyar kwana, sai tayar baya ta hau kankaren gefen titi ko ta daki bakin kwalbati. Hanyoyin fadama kuwa, ta wajen Auyo da Kirikasamma, tun ambaliyar 2022 gefen kwalta ya zaizaye a wurare da dama. Direba ya kauce wa rami ya sauka gefe, garin hawowa leɓen wili ya daki gaɓar kwalta. Sau da yawa taya takan tsira, amma leɓen ya lotsa, iska ta dinga sulalewa.

Gyaran ba shi da wani asiri. A sace iska duka, a fidda taya, a kwantar da wilin, Oga ya bi lotsawar da guduma a hankali har ta miƙe. Sai a ɗora shi a juya, a kara masa alli a gefe. Duk inda alli ya taɓa, nan ne bai daidaita ba. In an mayar da taya an ba ta iska, a zuba ruwan omo a duba kumfa. Wilin ƙarfe ke nan. Na alminiyam Oga ba ya ma karɓa.

Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu kaɗai na taɓa ganin ya daga murya. Ba a kusantar da wuta jikin wili matuƙar taya na kansa, ko da an sace iskar, don zafi kan sa robar ciki ta fara fidda gas, taya ta fashe bayan an ɗauka an gama. Sannan tsohon wili mai zobe, irin na taya mai tub, ba a tsaya gabansa ana ba shi iska. Iskar tayar babbar mota takan wuce psi 100, ta ƙaramar mota kuwa talatin da 'yan kai ce. In zoben ya ƙwace, ba a magana.

Wata ranar Laraba da la'asar wani direban Daf ya shigo, ya ɗauko tattasai zai yi Kudu. Wilin baya ya lotsa. Oga ya miƙe shi, ya ce in wanke kafin a mayar. Ina gogewa na ga wani ɗan layi kamar gashi tsakanin ramukan noti biyu. A aji an koya mana gwajin tsaga da wani jan ruwa na gwangwani, wanda sai a hoton littafi na gan shi. Amma malamin ya ce kafin a ƙirƙiro shi, mai da alli ake amfani da su. Na shafa kalanzir, na bari ya shiga, na goge, na barbaɗa garin alli. Jim kaɗan layin ya fito baƙi a cikin farin, ya fi tsawon yatsana.

Gaskiya, farin ciki na fara ji. Wata biyu ina ɗauko sifana da sayo ruwan leda, yau boko ta yi rana. Sai da na ga fuskar direban jikina ya yi sanyi.

"Baba, a taimaka a ɗan ɗiga mini walda," ya ce wa Oga. "In na sauke kayan nan na dawo, wallahi zan canza."

Oga ya tsuguna ya daɗe yana kallon allin. Ya ce ba kankare ne ya yi wannan ba, nauyi ne da sakin noti, ta daɗe tana ci. In an yi mata walda, ƙarfen gefen ya sha wuta, nan gaba kaɗan ta sake buɗewa a kusa. Ya ce ya nemi wili na hannu.

Direban ya juyo kaina. "Kai ɗan boko, ka san abin da tattasai ke zama in ya kwana biyu a buhu? Motar ba tawa ba ce. Asarar a kaina za a lissafa." Ban iya ce masa komai ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma babu shi a cikin handawut ɗinmu. Kuɗin da ke aljihunsa na mai ne da na shingayen hanya.

Oga ya kira mutum biyu a waya ko za a samu wili bashi, ba a dace ba. Ya ce wa direban ya riƙe kuɗin miƙewar, ba zai karɓa ba, amma shi kam ba zai sa wuta a wurin ba. Yaron motar ya gangara da wilin ƙasan layi. Kafin magariba muna hango hasken walda daga wata rumfa.

Na daɗe ina jin haushin mai waldar nan. Yanzu da nake shirin kammalawa, na rage, don na san in ya ƙi, akwai wata rumfar a gabansa, shi ma kuma da iyali. Abin da ban daina tunawa ba shi ne fitar motar bayan isha'i. Ta wuce ta gaban garejinmu, direban ya ɗaga wa Oga hannu, ba fushi. Yaron motar na zaune can saman buhuna, ya naɗe kansa da rawani saboda iska, yana cin rake. Ba zai wuce sa'an ƙanena ba.