Jitar bas da rangajin kiɗa a Zongo

A wannan wata zan ajiye alli in ɗauki wata magana da ba a saba jin ta daga bakin malamin makaranta ba, wato kiɗan jitar bas, mai tsirkiya huɗu da kaurin murya. Na san akwai dattawan da za su ce me ya haɗa ɗan Zongo da kayan maroƙa. Ina neman afuwarsu, amma yaranmu sun riga sun ɗauke ta, kuma gara a koya musu da kyau bisa a bar su da wayar hannu kaɗai.

Ni a makarantar horon malamai na fara taɓa ta, wajen wani abokin karatu da ke kiɗa a cocinsu. Haka abin yake a Kwatano: yawancin masu bas da na sani a coci suka koya, ɗan Musulmi kuwa ba shi da irin wannan wuri. Bukukuwanmu ma yanzu sun koma na waƙoƙin da aka ɗauka da fiyano a Kano, inda na'ura ce ke riƙe da bugu. Don haka kunnen yaro ya saba da kiɗa mai tafiya cif-cif kamar agogo, in ya ɗauki bas sai ka ji duk sautin daidai ne, amma babu wanda ƙafarsa ta motsa.

Abin da ya ɓace shi ne wanda makaɗan jaz na Amurka suke kira suwing, ni kuwa nake ce masa rangaji. Bayaninsa a lissafe ba wuya. Ka raba bugu ɗaya gida uku, sautin farko ya ci gida biyu, na biyu ya ci ɗaya. Dogo, gajere, dogo, gajere. Na daɗe ina zana wannan a takarda yara suna kallona, sai wata rana darasin gaɓoɓin kalma ya ba ni hanya. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma mai nauyi ta ninka ɗayar a tsawo. A kan haka ma'aunin waƙoƙinmu ya ginu. Ka ce maza-maza, maza-maza: duk gaɓoɓin tsawonsu ɗaya, kiɗan na'ura ke nan. Yanzu ka ce sannu-sannu, sannu-sannu, kana taka ƙafa a kan kowane "san". To, ga rangaji a bakinka, tun kafin ka taɓa tsirkiya. Yaron da ya yi wata biyu yana fama da lissafin kashi uku, da wannan ya kama cikin yamma ɗaya.

Sai dai kada a ɗauki biyu da ɗaya a matsayin doka. In kiɗa ya yi sauri, dogon yana raguwa har su kusa daidaita. In ya lafa, gajeren yana ƙara jinkiri. Wanda ya tsaya kusa da mata suna lugude, ko ya saurari kalangun da ke bayan marigayi Mamman Shata, ya san bugu yana da ɗan jan jiki da ba a iya rubuta shi. Kuma ba sai mun je Amurka neman malami ba. Ƙungiyar Poly-Rythmo ta nan garin, wadda Mélomé Clément ya kafa a ƙarshen shekarun 1960, ta yi faifai masu yawa a shekarun 1970, wasu a Legas aka ɗauka da sunan kamfanin Albarika Store. Mai bas ɗinsu, Gustave Bentho, shi nake sa yara su saurara. Sukan ɗora kiɗansu a kan bugun sato da sakpata na Fon, al'adar da ba tamu ba, amma mai koyon sana'a hannu yake kallo. Bentho yakan riƙe ɗan gajeren layi ɗaya yana maimaitawa minti da minti, bai gundure ka ba, saboda inda yake yanke sauti. Bayan dogon shiru an sake fitar da tsoffin faifansu a Turai a shekarun 2000, suka yi sabo a 2011, don haka samunsu ba wuya.

Wannan yanke sauti shi ne rabin aikin. Mai koyo yana kula da lokacin da sauti zai fara, ba ya kula da lokacin da zai mutu. Ka ɗaga yatsan hagu kaɗan ba tare da ka saki tsirkiya ba, sauti ya ɗauke. In ka ja ta a haka, za ta ba da wani "tuk" marar murya, shi ake sakawa a gida na uku, kamar tuntuɓen da aka yi da gangan.

Yanzu ga inda rangaji ya fi karyewa, wato layi mai wuyar yatsu. Tsirkiyoyin su ne mi, la, re, sol, tsawonsu kimanin santimita 86, kuma gidan farko a wuyan jitar ya kusa santimita 5. Littattafai da yawa suna cewa kowane yatsa da gidansa. A tsakiyar wuya wannan daidai ne, amma a gidaje biyar na farko zalunci ne ga hannun ɗan shekara goma sha huɗu. A nan nakan sa su bi hanyar masu babban goge na Turawa: manuniya, na tsakiya, sai ƙaramin yatsa tare da na zobe yana taya shi, gida uku kawai. In sauti ya yi nisa, a matsa hannu gaba ɗaya, kada a miƙe yatsa. Tambayar ita ce yaushe za a matsa. A wutsiyar dogon sauti, a kan "san", domin nan ne akwai lokaci. Wanda ya yi tsalle a kan "nu" zai makara ko ya yi gaggawa, ko wanne kuwa ya kashe rangaji. In akwai sautin da za a iya samu a sakakkiyar tsirkiya, a yi amfani da shi, hannu ya yi tafiyarsa a lokacin. Nakan sa yaro ya fara daga ƙarshen layi, ya ga inda hannu zai sauka, sannan ya komo baya yana rubuta lambar yatsa a ƙarƙashin kowane sauti da fensir. Da zarar an zaɓa, ba a sauyawa.

Hannun dama ba ni da dogon zance a kansa. Manuniya da na tsakiya bi da bi, in ana gangarowa daga sol zuwa re a bar yatsa ɗaya ya share duka biyun. James Jamerson na kamfanin Motown da yatsa ɗaya ya yi yawancin aikinsa, saboda haka ba na tsananta wa kowa.

Sauran wahalar ta gida ce. Iskar teku tana sa tsirkiya tsatsa, sabuwa kuma da tsada, sai mu tafasa tsohuwa a tukunya ta ɗan farfaɗo. In an ɗauke wuta, yaro ya kafa haɓarsa a jikin katakon, zai ji sautin a ƙashinsa. In ladan ya ɗaga murya a babban masallaci, a jingine jita, wannan ba a jayayya.

Akwai tsohon ɗalibina da mahaifinsa ke kasuwanci a Dantokpa. Uban ya same ni, ransa a ɓace, ya ce, "Malam, na ba ka yaro ka koya masa karatu, yanzu maroƙi za ka mayar mini da shi?" Na ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ko na hana shi, zai koya a mashayar Jonquet, inda ba ni ba kai." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya gindaya sharaɗi biyu: ranar Asabar kaɗai bayan la'asar, a zaurena, kuma in yaron bai ci jarrabawar BEPC ba, magana ta ƙare. Na karɓa. Jarrabawar saura wata huɗu, lissafinsa kuwa har yanzu yana da rauni, don haka rabin sa'ar farko ta kowace Asabar a kan allo muke yin ta.