Kwamfuta Da Zafin Garwa: A Shawarci Bazara Kafin A Ƙara Gudu

A wannan wata muna so mu tattauna da 'yan'uwanmu masu cin abinci da kwamfuta, musamman samarinmu masu haɗa bidiyon biki da wankin hoto da buga takardu, tun daga Yelwa har zuwa Rumde Ajiya. Mu da muka daɗe muna buɗe cikin waɗannan na'urori a nan Garwa, da zarar Maris ya kama mun san kukan da za a kawo mana: "Malam, kwamfutata tana ɗaukewa ana cikin aiki, allo ya yi shuɗi, fanka na ta ruri." In muka bincika, sau da yawa sai mu tarar an shiga BIOS an ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade mata.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. A 1998 kamfanin Intel ya fito da Celeron 300A mai gudun megahaz 300, masu ƙoƙari suka gano in an ɗaga gudun allon uwa daga 66 zuwa 100, sai ta kai 450, ta kama ƙafar masu tsada. Tun daga nan talaka ya sa wa abin ido, don kuwa wa zai ƙi doki da kuɗin jaki? Yau ma furosesar Intel masu harafin K a ƙarshen lambarsu, da Ryzen na AMD da suka fara fitowa a 2017, an bar ƙofarsu a buɗe ga mai son gwadawa. Saboda haka ba mu ce laifi ba ne. Abin da muke cewa shi ne, a san ƙasar da ake.

Ga inda gizo ke saƙar. Fanka da ƙarfen da ke bisa furosesa ba ƙanƙara suke yi ba, iskar ɗaki suke ɗiba su kwashe zafi da ita. Wanda kuka gani a YouTube yana alfahari da lambobinsa, mai yiwuwa ɗakinsa a Faransa ko Jamus bai wuce digiri 22 ba. A ce furosesarsa ta tsaya a 75, wato ta ɗara ɗakin da 53 ke nan. Ɗauko wannan na'ura ka ajiye ta a shago mai rufin kwano a Garwa cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, sai ka ga 93. Alhali yawancin furosesa na zamani iyakarsu tsakanin 90 ne da 100. In sun kai nan sai su rage gudu da kansu, in abin ya faskara su ɗauke. Ka ga an je neman ƙiba an samo rama.

Abu na biyu shi ne ƙarfin wuta. In kwamfuta ta fara tangaɗi, shawarar da aka fi ba mutum ita ce ya ƙara mata bolt. Gaskiya ne takan tsaya da ƙafarta, amma zafi ba daidai da bolt yake hawa ba, ninkawa yake yi. Daga bolt 1.20 zuwa 1.35 ƙari ne ɗan kaɗan a ido, amma zafin da zai haifar ya haura kashi 25 cikin ɗari, tun ba a taɓa gudun ba. Kuma wuta in ta yi yawa tana cin furosesa a hankali, cin da ba ya gyaruwa. A 2024 Intel da kansa ya bayyana cewa wutar da ta wuce kima ce ta sa wasu furosesarsa na zubi na 13 da na 14 suke tangaɗi, har ya ƙara wa masu su garanti na shekara 2. To, mu da yawancin kayanmu na hannu ne, daga Duwala ko ta Yola, wa zai canza mana?

Ga yadda muke bi in an kawo mana mai wannan ciwo. Da farko mukan mayar da BIOS yadda ta zo. In ta ƙi tashi sam, sai a zare wuta, a cire ɗan batirin nan CR2032 na 'yan mintoci, a mayar. Sa'an nan shara. Ƙurar hunturu da ta taru tun Disamba takan toshe haƙoran ƙarfen kamar auduga, sai a hure ta, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. A goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, a ɗaure kusoshi huɗun daidai wa daida. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a janye shi daga bango.

Bayan haka sai gwaji. Mukan kunna HWiNFO don ganin zafi, mu sa Prime95 ta yi ta ba furosesa aiki, MemTest86 kuma ta binciki ram, domin sau da yawa ram ce mai laifi ake zagin furosesa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta a takarda. Muhimmin abu kuwa, a yi gwajin tsakanin azahar da la'asar, ba da asuba ba. Saitin da ya zauna lafiya a sanyin Janairu ba shaida ba ne. Bazara ce alƙali.

Kada kuma a manta da wutar gari. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka gama a 1982, ruwanta kuwa yakan ja baya a ƙarshen rani, daidai lokacin da kowa ke kunna fanka da firji. In kwamfuta tana mutuwa farat ɗaya ba tare da zafinta ya hau ba, a duba akwatin da ke raba mata wuta, a kuma nemi na'urar daidaita wuta kafin a zargi furosesa.

Shawararmu ga mai sana'a ita ce ya yi lissafi. Ƙarin gudun da zai samu ba zai rage masa fiye da 'yan mintoci a haɗa bidiyo ba. Amma in na'ura ta ɗauke ana saura kaɗan a gama, ga dangin amarya a bakin ƙofa, aikin yini ya tafi, mutunci ya bi shi. Mu kam a watannin zafi har rage bolt muke yi kaɗan, na'ura ta yi sanyi, gudunta bai ragu ba. Mai son gwada bajinta ya jira damina ta sauka ko hunturu ya shigo, ya kuma tuna ya sauke kafin Maris. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kai mu damina lafiya, amin.