Bangon Faifan Fela da Bangon Littafinmu



Yau za mu ɗan ajiye biro mu leƙa duniyar masu tara fayafayan garmaho. Suna da wata gardama da ba ta ƙarewa: wane faifai ne ya fi kowanne kyan bango? Mu da muka taso a zamanin kaset mun ɗanɗani wannan daɗin, ko da yake a ɗan ƙaramin kwali ne. Ka juya shi gaba da baya, ka karanta jerin waƙoƙi, ka ƙura wa hoton mawaƙin ido, kaset na ta juyawa a rediyo. Shi kuwa babban faifai, bangonsa ya kai kusan santimita 31 ta kowane gefe, fili ne isasshe da mai zane zai baje kolinsa.

Da farko fayafayai ba su da wannan ado. A cikin kwali marar hoto ake sayar da su, sai suna kawai. A 1940 wani matashi mai suna Alex Steinweiss, ma'aikacin kamfanin Columbia a Amurka, ya shawo kan shugabanninsa aka fitar da faifai mai zane a bango. Kasuwa ta karɓa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Tun daga nan ido ke riga kunne haɗuwa da waƙa.

In ana wannan gardama, da wuya a tashi ba a ambaci The Dark Side of the Moon ba, faifan da ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta fitar a 1973. Baƙin fili ne, da wani gilashi mai kusurwa uku a tsakiya. Farin haske ya shiga ta gefe ɗaya, ya fita ta ɗaya gefen ya rabu launi shida. Ba hoton mawaƙa, ba sunan ƙungiya, ba ma sunan faifan a gaba. Duk da haka, shekara 50 da ɗoriya ke nan ana buga wannan zane a riguna.

Amma in aka ce mu zaɓa, mu Legas za mu nufa, wajen Lemi Ghariokwu, wanda ya zana wa Fela Kuti bango 26. Lemi bai yi makarantar zane ba, da kansa ya koya. Yana ɗan shekara 18 a 1974 wani ɗan jarida ya ga aikinsa ya kai shi wajen Fela. Kamar yadda shi Lemi ke ba da labari, ya kai wa Fela hotonsa da ya zana, Fela ya ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, sai ya rubuta masa takardar shiga wasanninsa kyauta. Wannan takarda ta fi kuɗin amfani, domin ita ta ba shi damar jin waƙoƙin tun suna ɗanye, kafin a kai su ɗakin naɗa.

Bangonsa na farko shi ne na Alagbon Close, a 1974. Alagbon sunan layin da ofishin 'yan sandan ciki yake ne a Ikoyi, inda aka tsare Fela. Lemi ya zana gidan Fela, wato Kalakuta, yana tsaye daram a gefe guda, gidan tsarewar yana cin wuta a ɗaya gefen, Fela a tsakiya ya tsinke sarƙa. A ƙasa kuma wani ƙaton kifi ya kifar da jirgin ruwan sintirin 'yan sanda. Wannan kifin daga kan Lemi ya fito. Ya saurari waƙar, ya gane inda ta dosa, ya faɗi nasa da buroshi.

A bangon Zombie na 1976, hotunan sojoji sanye da hular kwano ya haɗa da na Fela yana waƙa. Wanda bai ji turancin buroka ba ma, da gani ya san da wa ake. Abin da ya biyo baya sananne ne: a watan Fabrairun 1977 sojoji kusan 1,000 suka far wa Kalakuta suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Sa hannu a bangon Fela a wancan lokaci sai mai ƙarfin hali. A 1989 kuma, a bangon Beasts of No Nation, Lemi ya zana Margaret Thatcher ta Birtaniya, Ronald Reagan na Amurka da P. W. Botha na gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, da ƙahoni da fiƙoƙi irin na dodanni.

To, ga bango iri biyu. Na Pink Floyd kusan fayau yake, na Lemi kuwa cike maƙil kamar kasuwa ranar cinta. Me ya sa duka biyun suka zauna a zuciyar mutane? Mu a ganinmu, saboda ba za ka iya cire ko ɗaya ka liƙa wa wani faifai ba. Kowanne daga cikin aikin ya tsiro. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma waɗannan fuskoki ba su yi wa zuciyarsu ƙarya ba.

A nan maganar ta zo kanmu. Marubuci zai kwashe shekara yana gyara labari, ya hana idonsa barci a kan babi ɗaya, amma a rana ɗaya a haɗa masa bango. Duk mun saba ganin irinsa: hoton wata jarumar fim ɗin Indiya da aka sauko da shi daga intanet, ga fure, ga zuciya, ga suna cikin launi huɗu. Labarin a Zinder ko Gusau ya faru, amma fuskar da ke gaba ba ta taɓa shan hunturu ba. Littafi goma za su iya ɗaukar bangon nan ba wanda zai lura. Ga kuma batun haƙƙi, domin hoton yana da mai shi, fuskar ma tana da mai ita, kuma ba a nemi izinin kowa ba.

Abin da za mu ɗauka daga Lemi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mu ba mai zanenmu labarin ya karanta, ko aƙalla mu zauna da shi mu ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe. Mu tambayi kanmu wane abu ɗaya ne a cikin littafin nan wanda babu shi a littafin kowa: ƙofar zauren da aka rufe, akwatin lefen da aka mayar, takalmi ɗaya a bakin rijiya. Sannan mu sakar wa mai zanen mara ya faɗi nasa, ko da ya zo da abin da ba mu rubuta ba. Da Fela ya tsaya a kan Lemi yana ce masa sa wannan cire wancan, da kifin nan bai kifar da jirgin ba.

Akwai kuma bambanci ɗaya tsakaninmu da su. Lemi yana da santimita 31, mu kuwa yawancin masu karatunmu a waya za su fara ganin bangonmu, bai fi girman farcen babban yatsa ba. Don haka kafin mu saki bango, mu ƙanƙanta shi a waya mu miƙa wa wanda bai san labarin ba. In ya iya karanta sunan, ya kuma iya cewa wannan labarin rabuwa ne ko na tsoro ko na ban dariya, bango ya yi aikinsa. In ya ce kamar ya taɓa ganinsa a wani littafin, a koma wajen mai zane.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya nemi bangon Alagbon Close ya dube shi na minti biyar, sannan ya ɗauko labarin da yake kan rubutawa ya rubuta, cikin jimla ɗaya, hoton da ya dace da gabansa.

Mu kwana nan.