Motocin da ke miƙewa tsaye a Nakano

Neman injuna da kayan gyaran mota ne ya kai ni Japan, don sana'ata ke nan a kasuwar Ƙofar Ruwa tun ina yaron shago. Daga Kano zuwa filin jirgin Narita babu wani labari sai zama da ciwon baya, saboda haka na tsallake shi.

Masaukin da na fara faɗawa a Tokyo ne ba zan tsallake ba. Don arha na kama shi, ashe ba ɗaki ba ne, akwatuna ne aka jera bisa juna, kowa ya rarrafa ya shige nasa ya ja labule. Tsabta kam ba a magana. Amma babu inda mutum zai miƙe ya yi sallah, wanka kuma na taro ne, maza tsirara a ɗaki guda ba wanda ya damu da wani. Wannan ya fi ƙarfina. A wurinmu ko wa da ƙani ba sa haka, kuma har gobe ina ganin kunyarmu ta fi.

Allah ya haɗa ni da wani Alhaji a masallacin Juma'a na Tokyo Camii, Bahaushen zangon Kumasi da ya daɗe yana fitar da motoci daga ƙasar. Da ya ji inda nake kwana sai ya riƙe baki.

"Haba Malam, muna garin nan ka kwana a akwati? Ɗauko jakarka."

"Alhaji, kada in ɗora maka nauyi."

"Wane nauyi? Baƙonka ai annabinka ne."

A gidansa da ke Saitama na ci tuwo da miyar kuka, kukar ma daga gida aka aiko masa. Shi ne kuma ya ce tunda harkar mota nake yi, akwai wasu motoci da ya kamata in gani. Abokin cinikinsa, wani dattijo Bajapane mai furfura, shi ya yi mana jagora zuwa Nakano, 'yan mintuna a jirgin ƙasa daga Shinjuku.

Ginin ana ce masa Nakano Broadway, an buɗe shi a 1966. Ƙasa kasuwa ce kamar kowace, amma da ka hau bene sai lunguna da ƙananan shaguna, da yawansu na kamfanin Mandarake ne, wanda ya faro a nan a 1980 da sayar da tsofaffin littattafan zane. Gilasai ne daga ƙasa har rufi, cike da mutum-mutumi na ƙarfe da roba, kowanne da takardar farashi da bayanin lafiyarsa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne masu sayen. Yara ƙalilan ne. Magidanta ne da kwat da jakar ofis, wani ya durƙusa yana leƙen kusurwar kwali ko ta lanƙwashe.

Dattijon ya yi bayani, Alhaji yana mayar mini da Hausa. Kamfanin Takara ne ya fito da jerin kayan wasa mai suna Diaclone a 1980, daga baya ya ƙara masu rikiɗa su zama motoci na gaske. Mutanen Hasbro na Amurka suka gani a baje kolin kayan wasa na Tokyo a 1983, suka haɗa su da wasu daga jerin Microman, suka sa musu suna Transformers a 1984. Jar tirelar da duniya ta sani da Optimus Prime, Japanawa Convoy suke kiranta. Takara ɗin ma ya haɗe da kamfanin Tomy a 2006.

Sai da muka koma gidan dattijon na ga abin da hannuna. Ya ɗauko tsohon Convoy ɗinsa, mai nauyi saboda ƙarfen da ke jikinsa, tayoyinsa na roba ta gaske. Convoy ɗin yana tsaye da jan ƙirji da shuɗɗan ƙafafu. Dattijon ya zare dunƙulallun hannayen biyu ya ajiye a faranti, ya ce su ne suka fi ɓata, kuma rashinsu kaɗai yana karya farashi. Ya kifa kan ya shige ciki, ya naɗe damatsan suka lafe a gefe, ya tura ƙafafun baya suka zama gadon da ake ɗaura bodi. Gilasan ƙirjin nan ashe gilashin gaban mota ne. Kafin in ankara ga kan tirela a tafin hannunsa, da fitilu da bamba da bututun hayaƙi.

Wadda ta tafi da hankalina ita ce Datsun. A jerin Masterpiece da aka soma a 2003 domin manya, akwai wadda aka ƙera da izinin Nissan a siffar Fairlady Z ta 'yan sanda. Na juya ta, na duba dogon bonet da zaman fitilun da gangaren bayanta, ban ga inda aka yi ha'inci ba. Wanda ya zana ta sai da ya samar wa kai da hannaye da ƙafafu wurin ɓuya a cikin motar ba tare da ya ɓata mata fasali ba. Duk wanda ya taɓa kwance inji ya mayar ya san wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, kuma na girmama mai shi ko ban san shi ba.

Inda muka rabu da dattijon shi ne batun kwali. Yana da wasu da bai taɓa buɗewa ba, a ɗaki mai labule mai kauri, don rana tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa. Ya ce buɗewa tana rage daraja. Ni kuwa abin ya yi mini ciwo. An ƙera abu domin ya motsa, an kashe basira a kowace gaɓa tasa, sannan a kulle shi shekara da shekaru ba hannun da ya taɓa shi? Na ba shi labarin yaranmu da ke ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara da waya, su yanka tsohon silifa su yi taya, su ja ta a lungu har ta wargaje su sake wata. Ba wanda ya saya musu, ba takardar bayani. Ya saurara sosai, ya tambayi yadda suke haɗa sitiyari, na zana masa a takarda. Da irin yaran nan za su sami makaranta da masana'anta a bayansu, ban ga abin da zai hana su zana irin wannan Datsun ba.

Alhaji ya so mu je Odaiba in ga ƙaton mutum-mutumin Gundam mai tsawon kusan mita 20 da aka kafa a 2017. Mun je, ƙahonsa ya buɗe, fitilu suka kama, jama'a na ta ɗaukar hoto. Bai kama ni kamar ƙananan ba, don ba ya zama mota. Datsun ɗaya na saya, ta hannu, mai arha saboda kwalinta ya yage. A siffar mota nake ajiye ta, domin ban saki jiki da ajiye mutum-mutumi a ɗakin da nake sallah ba, amma yara suna miƙar da ita duk sanda suka ga dama.

Sauran kwanakin a filayen tsofaffin motoci na Saitama suka ƙare, ana duba injuna ana ciniki, har muka cika kwantena aka tura ta tashar Yokohama.