Taukkyan, Makwancin Samarin Yaƙin Bama

Arewa da birnin Yangon na ƙasar Bama, wato Myanmar, maƙabartar soja ta Taukkyan take. Kaburbura fiye da 6,000 ne jere reras, ga kuma ginshiƙan dutse ɗauke da sunaye kusan 27,000 na mazajen da ba a san makwancinsu ba. Cikinsu har da samarin Nijeriya na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka kara da Japanawa a dazuzzukan Arakan a 1944 da 1945. Yaro ya bar gona, ya bar mahaifiya, ajali ya riske shi a gaɓar kogin Kaladan. A Ikko, barikin Arakan da na Myohaung sun riƙe sunayen fagagen fama. Sunansa kuwa sai a dutsen Taukkyan. Allah ya jiƙan maza.