Ranar da inji ya mutu a tsakiyar kogi

Ni ɗan Tibiri ne, kuma duk wanda ya san Arewa ya san ba mu da kogi. Ruwanmu yana ƙarƙashin ƙasa, cikin dallol, sai an gina rijiya a same shi. Don haka ban taɓa shiga jirgin ruwa ba sai hutun bara, da na raka kawuna Gaya zai ƙetara Malanbil sayen kaya. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutane da kaya suka koma ƙetarawa ta ruwa.

Jirgin da muka shiga babba ne, mai injin gazuwal, hayaƙinsa har cikin maƙogwaro. Muna tsakiyar kogin Isa sai injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Ruwa ya fara janmu. Wata tsohuwa ta kama salati, ni ko na riƙe gefen jirgi har yatsuna suka yi sanyi. Mai jirgin, wani dattijon Basarke, ko a jikinsa. Ya miƙa wa yaronsa filafili, shi ya ɗauki wani, suka riƙa tuƙawa har muka kai inda doguwar gora ke taɓa ƙasa. A bakin gaɓa ya kwance tiyo, ya hura, ya zubar da ruwan da ya gauraye da man, injin ya tashi.

Da tsorona ya kwanta sai bakina ya buɗe. Na ce masa, "Baba, da injin kuran ne da panno, ai da wanga bai hwaru ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗan lakkol, in naka ya mutu nan tsaka, da mi za ka hura shi?" Kawu ya yi ta dariya, ni ko na rasa amsa.

Da na koma Yamai abin ya tsaya mini a rai. Jami'armu sunan Abdu Mumuni take ɗauke da shi, masanin da ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasarmu, ONERSOL, sai na ji kamar an kayar da ni a gida. Na yi ta karatu, na tarar gardamar ba tamu kaɗai ba ce. Turawa masu jiragen da iska ke turawa da babban ƙyalle su ma suna yin ta. Iska ce ke tafiyar da su, amma suna ajiye ƙaramin inji don shiga tasha ko ranar da iska ta ɗauke. Wasunsu sun koma na lantarki don ba ƙara, ba wari, ba canjin baƙin mai. Wasu sun ce a bar su da gazuwal, don tafiya mai nisa ba ta son batir.

Lissafin ga shi. Lita ɗaya ta gazuwal tana ɗauke da ƙarfi kamar kilowat-awa 10, inji kuma yana cin moriyar kusan kashi ɗaya cikin uku. Batir irin wanda muke sa wa panno a gida, mai bolt 12 da amfiya-awa 100, yana riƙe kilowat-awa 1.2, kuma in ana son ya daɗe rabi kawai ake ja. Ke nan sai an tara batir wajen biyar, kowane da nauyin kusan kilo 30, kafin a yi aikin lita guda. Mai zuwa nesa da buhunan masara ba zai yarda ya cika jirginsa da batir ba, kuma yana da gaskiya.

Amma ƙetarawa daban ce. A jihar Kerala ta Indiya akwai jirgi mai suna Aditya, tun 2017 yana ƙetarar da mutum 75 a tashi ɗaya da hasken rana. Tafiyarsa gajera ce, je ka dawo, rana tana cika masa batir yana aiki. Irin aikin Gaya ke nan. Abin da babu a Gaya shi ne wanda zai buɗe injin ya gyara, da shagon da za a samu kayan gyaran. Tambayar dattijon ke nan, kuma littattafan da na karanta ba su amsa mini ita ba.

Sai ga gardamar ta iske ni har gida. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, ruwa-ruwan da muke saye a kwalba ya yi tsada, motopom ɗin garkar babana ya koma cin rabin kuɗin albasa da zogala. Baba ya yi niyyar sayar da sa ɗaya ya sa panno da famfo, ya kuma sayar da tsohon injin ya cika kuɗin. Ya kira ni a waya ya ce, "Kai da ka yi boko, mi ka gani?" In na ba shi gurguwar shawara, san ya tafi, garka ta bushe, kuɗin karatun ƙannena ma ya bi ruwa.

A darasinmu na ilimin harshe mun taɓa tsayawa kan kalmar tuƙi. Da ita muke tuƙa tuwo, da ita ake tuƙa jirgi, daga baya mota ta zo ta are ta. Asalinta hannu ne da itace. Ita na tuna, tare da filafilin da Basarken nan bai jefar ba ko da ya sayi inji. Na ce wa Baba ya sa panno, don ban ruwa aikin rana ne kuma rijiyarmu ba ta da zurfi, amma kada ya sayar da motopom, kuma kada ya biya sai mai haɗawar ya yarda ya koya wa ƙanena yadda ake kwancewa da ɗaurawa.

Hakan aka yi. Ƙanena yanzu ya san fis, ya san inda waya ke saki, har maƙwabta na kiransa. Motopom yana cikin zaure an rufe shi da buhu, sau biyu aka tashe shi lokacin da ƙurar hunturu ta rufe rana. Guga da igiya kuwa suna nan rataye a bakin rijiya, Baba ya ce kada wanda ya taɓa su.